Goron Sallar Maigidana

Duk wanda ke ɗaukar darasin yamma a sashen Akanta ya san ni, ko da bai san sunana ba. Ni ce dattijuwar nan mai zama a layin gaba saboda ido ya fara gajiya, wadda kuke kira Mama, kuke aron biro a wurinta ba ku mayarwa. Na yafe muku. Shekaruna 54, jikokina uku, kuma har yau gabana na faɗuwa idan aka ce gobe akwai tes.

Yau dai maganar maigidana na kawo muku. Kada ku zaro ido, ba Alhaji nake nufi ba. Jikana ne, ɗan shekara takwas, wanda tun ranar sunansa na ce na yi sabon miji. Da ya yi baki kuwa ya ce ya sake ni, wai na tsufa kuma ba na ba shi nama babba. Haka muke, kullum cikin saki da kome.

Yaron nan hannunsa ba ya zama. Gwangwanin madara, murfin kwalbar lemo, kwalin sukari, tsinken tsintsiya, duk abin da kuka jefar shi a wurinsa kayan aiki ne. Tsohon silifas yake yankawa ya fitar da tayoyi. Akwai ranar da tsohon ya ƙare, ya yanka sabon na uwarsa, ya sha dukan da har maƙwabta suka shigo ceto. Amma fa Keke Napep ɗin da ya fito daga silifas ɗin, har da rumfa da kujerar direba, ni kaina sai da na ɗauka na jujjuya a ɓoye.

Azumi ya kai ashirin, na shiga Kasuwar Sheikh Gumi neman abin da zan ba jikoki goron Sallah. Kun san yadda aljihun ɗalibi yake bayan rajista da kuɗin handawut, to na kaka ɗaliba bai fi naku ba. Na ƙananan biyu bai ba ni wahala ba: tabarau mai launi da agogon roba, shi ke nan an gama da su. Na maigidan ne ya tsayar da ni. Mai shago ya sauko min da wata mota mai rimot, ja, tana walƙiya, ya ce, “Hajiya, wannan ita yara ke yayi.” Har na fara taya ta, sai na tuna bara ma irinta na saya masa. Kwana biyu ta yi a duniya. Ya samu wutsiyar cokali ya kwance ta kaf, ya baje kayan cikinta a tabarma. Da na hau shi da faɗa, ya ɗago kai ya ce, “Hajiya, so nake in ga abin da ke juya ta.”

A tsaye a shagon nan maganar ta dawo min, kuma ba da muryarsa kaɗai ba. Na taɓa jin irinta shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, daga bakin ubansa.

Ubansa ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Yana yaro babu wanda ya kai shi iya motar waya a layinmu. Irin mai dogon sitiyari ɗin nan da yaro ke tuƙawa a tsaye, tayoyin gaba na juyawa dama da hagu kamar ta gaske. Yara har layi suke yi ya ƙera musu. Sai wani zango ya zo na kusa da ƙarshe a ajinsu. Raina ya ɓaci. Na tattara motocin gaba ɗaya, na kara na cusa a murhu, na waya na miƙa wa 'yan gwangwan da ke wucewa, ko kuɗin ban karɓa ba. Na ce masa, “Ni ban haifi ɗan gareji ba.” Bai yi kuka ba. Kallona kawai ya yi ya shige ɗaki.

Karatunsa ya gyaru, ba zan yi ƙarya ba. Yau yana aikin ofis, yana riƙe da iyalinsa, yana yi min biyayya daidai gwargwado. Amma tun daga ranar ban sake ganin waya a hannunsa ba. Ko soket ya lalace a gidansa, sai ya kira mai gyara ya tsaya daga nesa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa taimakonsa na yi. Sai da na shigo kwalejin nan, na riƙa wucewa ta gaban wokshop ina ganin 'ya'yan mutane cikin rigar aiki suna auna ƙarfe, sannan na fara tambayar kaina ko me na ƙona a murhun nan. Muna nan kullum muna kukan ana fifita mai digiri a kan mai HND, ana raina aikin hannu. To ni dai na san inda rainin ya fara a gidana, kuma ba gwamnati ce ta fara shi ba.

Na ajiye wa mai shago motarsa na fito.

Washegari a masallacin mata na ba wata yarinya labari, 'yar sashen Lantarki da muke yawan haɗuwa a sahu. Ta yi dariya ta ce, “Mama, ai ni ma rediyon babanmu uku na kashe kafin a gane ni. Kada ki saya masa abin da aka riga aka gama. Ki saya masa abin da shi zai gama.” Ita ce ta ba ni labarin Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato da ya tashi yana zanen motoci tun yana yaro. A kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi ya karanta zanen gine-gine, daga nan ya tafi Detroit a Amurka ya koyi zanen mota, ya yi aiki da General Motors, kuma shi ya zana siffar motar nan Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar ƙera motoci ta Nijeriya. Ta ce, “Ɗan poli ne fa kamar mu, Mama.” Na ce a raina, Allah Ya sa uwarsa ba irina ba ce.

Ranar Asabar, da azumi a bakinmu, ta raka ni Panteka. Shekara nawa ina Kaduna ban taɓa shiga ba, ina jin sunan dai a matsayin wurin tarkace. Ashe gari ne guda. Ƙarar guduma ta ko'ina, tartsatsin walda, masu narka alminiyom suna zuba tukwane, masu ƙera ƙofofi da murhun gawayi da injin markaɗe. Abin da wani ya jefar, a nan yake sake zama kaya. Na ga yara sa'o'in maigidana kaɗan suka girme shi suna miƙa wa iyayen gidansu sufana.

Abin da muka haɗa bai kai rabin kuɗin motar rimot ba: ƙaramar filaya daidai hannun yaro, sukudireba, waya mai laushi, salatif, gam, gidan batir, 'yan ƙwayayen fitila na LED, da 'yan injina uku masu juyawa da ake cirowa daga matacciyar DVD, waɗanda su ke kira moto. Yarinyar nan ta kafa min sharuɗɗa kamar malama. Batir irin na tocila ƙarama kawai, guda biyu, kowane bolt ɗaya da rabi, sun isa su juya moto kuma ba sa jan mutum. Ban da batir mai kama da maɓallin riga, domin ƙanwarsa 'yar shekara biyu na iya haɗiyewa, kuma yana ƙona maƙogwaro. Ban da reza, ban da abin narka dalma. Soket ɗin bango kuwa, ta ce in sa shi ya yi min alkawari da bakinsa ba zai kusance shi ba, don wutar da ke ciki ta haura bolt 200. Na zuba komai a tsohon gwangwanin biskit na ɗaure da ƙyalle.

Ranar Sallah bayan an sauko daga Idi suka zo gaisuwa. Ƙananan suka maƙala tabarau suka fice. Maigida ya buɗe gwangwaninsa, ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce, “Hajiya, ina motar?” Na ce, “Tana ciki. Kai za ka fito da ita.” Uwarsa ta ce, “Kai Hajiya, tarkace kuma? Wanda ke gidan ma ya muka ƙare da shi?” Na yi kamar ban ji ba, amma cikina ya ɗuri ruwa. Na ce shi ke nan, na ɓata wa yaro Sallah.

Ya zauna a tabarma ya fara haɗa waya da batir. Fitila ta ƙi kamawa. Ya cire, ya mayar, ta ƙi. Ubansa na kan kujera cikin sabuwar shadda yana danna wayarsa. Can, ba tare da ya ɗago sosai ba, na ji ya ce, “Juya ta. Doguwar ƙafar ce ke zuwa wajen alamar tarawa.” Yaro ya juya, fitila ta kawo. Ihun da ya yi sai da kaji suka watse.

Ban san lokacin da uban ya sauko ƙasa ba. Na dai fito daga kicin da kwanon tuwo na tarar ya naɗe hannun riga, filaya a hannunsa, yana lanƙwasa waya yana nuna wa ɗansa yadda ake yin gatarin tayar gaba don ta riƙa juyawa. Hannun bai manta komai ba. Tuwo ya huce a wurin. Wajen La'asar motar gwangwani ta tashi, sai dai da baya take gudu. Suka yi ta dariya, uban ya sauya wayoyin moto biyun, ta miƙe gaba ta shige ƙarƙashin kujera. Ni kuwa na koma kicin na daɗe ina wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kada ku ɗauka an zauna lafiya daga nan. Kafin sati ya zagayo, tocilan Alhaji ta zama fitilar gaban tirela, kuma ni aka ɗora wa laifi. Na biya. Ku dai da za ku tafi hutu, ku duba cikin ƙannenku da 'ya'yan yayyenku, akwai wanda ake duka saboda kwance-kwance. Kun fi kowa sanin ko wane ne shi, don da yawanku ku ne shi a da. Tsohon moto ɗaya da batir biyu ba za su gagare ku ba.

Haƙuri dai ban ba ɗana ba. Ban san ta inda uwa ke fara irin wannan magana da ɗan fari ba, shi ma kuma na san ba zai bari in ƙarasa ba. Amma da za su tafi a daren nan, ya tsaya a bakin ƙofa yana sa takalmi, kansa a sunkuye, ya ce, “Hajiya, a Panteka ɗin, ta wane layi ake samun 'yan moto ɗin nan?”

Na kwatanta masa.