Huhun Goron da Na Kai wa Kaka

Tun ban san hannun damana ba Kaka take bi na bashin cefane. Mahaifiyar babanmu ce, kuma kamar yadda aka saba tsakanin kaka da jikanta namiji, ni ne "mijinta". Duk ranar da na shiga gidan, kafin in rufe baki daga sallama za ta ɗaga murya daga ƙofar ɗakinta: "Ga mijin nan nawa da ba ci ba sha, ko ƙwayar goro bai taɓa saya mini ba." Ni kuma in ce, "Amarya, ai goro sai mai haƙori." Sai ta jefo ni da mafici ko takalmi, duk wanda ya fi kusa da hannunta. A duk gidan babu wanda ya isa ya gaya mata irin wannan magana sai mu jikoki. Babanmu ma, da furfurarsa, a tsugune yake gaishe ta.

Akwai mutum ɗaya kuma da ko sunansa ba ta kamawa, wato Baffa, ɗanta na fari. Kaka tana cikin matan da suka riƙe alkunyar ɗan fari da gaske. Idan ya zama dole ta yi zancensa, sai ta ce "wancan na Kudu". Ya fi shekara ashirin yana sayar da tumatir da albasa a kasuwar Sasa da ke Ibadan. In ya zo ganin gida ya durƙusa gaishe ta, tana kallon wani wajen take amsawa, ta tashi ta shige ɗaki. Amma mu yara mun sani, zakaran da ta yi watanni tana kiwo a ranar ake yanka shi.

Sau biyu ana saya mata waya. Ta farko babanmu ne ya kawo, ya miƙa mata a gaban jama'a ya ce, "Inna, ga wannan, ki riƙa jin muryar Yaya." Ta ce, "Wa ya ce maka ina neman muryar wani?" Kafin sati ta kyautar da ita ga wata jikarta da za a yi wa aure. Ta biyu Baffa ne da kansa ya aiko, ko kwalin ba ta buɗe ba ta aika wa ladanin masallacinmu. Muka ce tsohuwa ba ta son kayan zamani, muka ƙyale ta.

A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Sasa, aka ƙone shaguna da gidaje, aka rasa rayuka. Lokacin ina bautar ƙasa a Minna. Kwana uku wayar Baffa ba ta shiga. Ƙanwata ce ta ba ni labarin yadda Kaka ta yi waɗannan kwanaki: ta ɗauko tabarmarta ta shimfiɗa kusa da zaure, inda maza ke sauraron rediyo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ba ta tambayi kowa komai ba, tuwon da aka ajiye mata kuma yadda aka kawo haka ake ɗaukewa. Ranar da babanmu ya shigo da sauri ya ce Yaya ya kira, yana nan lafiya, dukiya ce kawai ta tafi, sai ta ce, "Wa ya tambaye ku?" Ta naɗe tabarmarta, ta ce a ɗumama mata tuwon jiya.

Wannan labari ne ya hana ni barci. Na gane ba wayar take ƙi ba. Duk wanda ya miƙa mata waya yana neman ta amsa a gaban mutane cewa tana kewar ɗanta, ita kuwa gara ta kwana da yunwa da ta faɗi haka. Shi ma Baffa tun da abin ya faru ya ƙi zuwa gida. Kunya yake ji ya dawo hannu rabbana bayan shekara ashirin. Ƙaramar Sallah ta wuce bai zo ba, Babba ma ya ce ba zai samu zuwa ba.

Sai na tuna ni ina da wata dama da babanmu ba shi da ita. Ni mijin wasa ne. Abin da ya fito daga hannuna tsokana ce, kuma ba a jin kunyar karɓar tsokana.

Alawus ɗinmu a lokacin naira 33,000 ne. Na matse cikina wata biyu, da na iso Kano ana saura kwana huɗu Sallah na wuce kasuwar waya ta Farm Centre na sayi ƙaramar waya mai maɓallai, irin wadda ƙararta ke tashin mai barci, batirinta ke kwanaki, ga tocila a kanta. Ba a yi wa sabon layi rajista a lokacin sai da lambar NIN, Kaka kuwa ba ta da ita, sai na yi da tawa. Lamba ɗaya tak na adana a ciki. Daga nan na tafi kasuwar goro ta Mariri na sayi goro goma, fari biyar ja biyar, na roƙi mai goron ya haɗa mini da ganyen da suke naɗe huhu da shi da guntun buhu. Ya dube ni ya ce, "Goro goma za ka yi wa huhu?" Na ce masa amarya ce mai wuyar sha'ani. Na ƙara da kwano ɗaya na goruba, na zaɓi mafi tauri, da busassun gorunan duma guda biyu.

A ɗakin wani abokina na yi aikin, don a gidanmu ba a ɓoye abu ya kwana. Goran farko da wuƙa na far masa, ya tsage tun daga gindi har wuya. A na biyu na yi hankali. Na zana layi da biro kewaye da inda cikinsa ya fi faɗi, na bi layin da zarton ƙarfe a hankali, ina juya goran maimakon in danna zarton. Ya rabu biyu tsaf. Na kankare 'ya'yan da ɓargon ciki da cokali, na goge da tsumma. Sannan na ɗora ƙusa a kan wuta na riƙa huda ƙananan ramuka a leɓen kowane ɓari, kowane rami yana kallon ɗan'uwansa, don in ɗinke shi yadda gyartai ke ɗinke fasasshiyar ƙwarya.

Da farko auduga na cusa na lulluɓe wayar gaba ɗaya don kada ta yi motsi. Da abokina ya gwada kira, sai muka ji ƙarar kamar kukan sauro. Na rage audugar, na bar ta a gefe da gefe kawai, na juya bakin sifikar ya kalli wuyan goran. Da ya sake kira, sai da muka zabura, don cikin goran ya ƙara wa ƙarar ƙarfi kamar yadda ƙwarya ke yi wa goge. Na cika batirin, na naɗe wayar da leda mai laushi saboda laimar ganyen goro, na ɗinke goran da basilla da zaren buhu, na shafa wa ɗinkin toka da ɗan manja har ya yi kama da abin da ya shekara a rataye a madafa. Na toshe bakin da totuwar masara, amma ban danna ta sosai ba. Sai na shimfiɗa ganye a cikin buhun, na zaunar da goran a tsakiya, na kewaye shi da goruba har ya ɓace, na sake rufewa da ganye, na jera goron nan goma a sama, na ɗaure da igiya tamau. Duk wanda ya gani zai rantse ƙwarya biyu ce ta goro.

Abu mafi wuya shi ne shawo kan Baffa. Da na gaya masa, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yaro, ba ka san Inna ba. Ba za ta yi magana ba." Na ce, "Baffa, ko ba ta yi ba, ai za ta ji." Muka yi da shi cewa washegarin Sallah bayan la'asar zan yi masa filashin, shi kuma ya kira sabon layin.

An yi Sallah ranar Talata, 20 ga Yuli. Ranar Laraba da yamma tsakar gida ta cika da mata da yara, ana ta suyar nama. Na shigo da huhuna a kafaɗa ina nishi kamar mai ɗauke da buhun gero, na dire a gabanta na ce, "Amarya, ga bashin shekara ashirin da biyar. Daga yau kada in ƙara jin bakinki." Ta kwance igiyar tana cewa bari ta gani ko duwatsu ne. Da ta ga goro fari da ja, sai fuskarta ta sake, har ta fara sa mini albarka. Ta ɗaga ganye na biyu, goruba ta gangaro kan tabarma. Gidan ya kece da dariya. Ta ɗauki guda ta dube ta, ta dube ni, ta ce, "Ja'iri! Da wane haƙorin?" Ta ci gaba da tonawa har ta zaro goran. "Wannan kuma na bara ne ka kawo mini? To ni ban gaji bara ba." Ta watsa wa yara gorubar, ta miƙa wa wata yarinya goran ta ce, "Kai musu su ƙara a wuta, dama itace ya yi tsada."

Wannan ne ban taɓa kawowa a raina ba. Ina ta danna lambar Baffa a cikin aljihu, sabis ya ƙi. Yarinyar kuma har ta kusa murhu, inda kaskon mai ke tafasa yara na kewaye da shi, ga batir a cikin goran. Ban san lokacin da na tsallake kwanon nama na fizge shi daga hannunta ba. Kaka ta ƙura mini ido. "Miƙo nan. Me ke ciki da kake tsalle kamar an taka wutsiyar kare?" Ta karɓa ta jijjiga a kunnenta, ba ta ji komai ba, ta ɗaga shi za ta ƙwala mini a ka. A daidai nan ya fara kuka. Ashe Baffa ya gaji da jira, ya kira da kansa.

Mata suka watse suna a'uziyya, wata har da zubar da tsame. Kaka ba ta jefar ba. Ta riƙe shi nesa da jikinta ta ce, "In aljani ne, ya san gidan da ya shigo." Na sa reza na yanke ɗinkin, na zare wayar, na amsa na saka ta a sifika, na mayar cikin ɓarin goran da ke hannunta. Muryar Baffa ta fito: "Salamu alaikum. Inna, barka da Sallah."

Gidan ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar mai a kasko. A wannan lokacin na yi nadamar abin da na yi. Na ga kamar na ja tsohuwa tsakiyar kasuwa na yaye mata mayafi. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta juyo gare ni, ba ga wayar ba, ta ce, "Kai, tambayi mai goran nan, sun samu sun yi yanka?" Kafin in buɗe baki Baffa ya ce bana ba a samu ba, amma maƙwabta sun aiko. Ta ce, "To ka ce masa wanda ya ba da dukiyar ai bai mutu ba. Ka ce masa ɗakinsa yana yoyo, ni ba zan iya hawa ba." Muka ji Baffa yana ƙoƙarin cewa "to", muryar ta ƙi fita. Ta ɗora ɗaya ɓarin goran ta rufe, ta shige ɗaki da abinta.

Da daddare babanmu ya kira ni zaure ya yi mini faɗa. Ya ce da ta yi kuka a gaban surukanta fa, da me zan wanke kaina? Da yarinyar nan ta jefa shi a wuta fa? Ban musa ba, don gaskiyarsa ce, kuma da zan sake, ba zan yi a gaban taro ba, ba kuma kusa da murhu ba. Abin da ya cece ni shi ne duk dariyar ranar a kaina ta ƙare: ni ne mijin banza mai kawo goruba, ni ne na yi tsalle a kan kwanon nama. Ita ba ta roƙi komai ba, ba ta amsa komai ba. Tsiyar jikanta ce ta faɗo mata, ta rasa yadda za ta yi da ita.

Har yau Kaka ba ta taɓa cewa tana da waya ba. Goran mijinta take da shi. Tana rataye shi a ƙusa kusa da gadonta, wayar a ciki, ƙanwata ce ke kai ta wajen masu caji ranar kasuwa. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya yi kuka, ta ce, "Goran nan ya cika surutu," ta kori yara, ta saki labule. Baffa ya zo gida a ƙarshen daminar, ya gyara rufin ɗakinsa, ya yi wata guda kafin ya koma.

Ranar da zan koma Minna ta miƙo mini wani babban ƙulli da ke naso da mai, ta ce naman Sallah ne, kada in buɗe sai na isa. Na tara abokan bautar ƙasa huɗu a ɗakina, na ce su zo su ci suyar kakata. Na kwance leda uku, na ga ta shafa wa ta wajen mai ne kawai. Gorubata ce, ta bi yara ta karɓo. Sai da suka gama yi mini dariya suka tafi, ina zazzage ƙullin a kwando, na ga wani ɗan tsumma a ƙasa an yi masa ƙulli biyu. Goro ne fari guda ɗaya, da naira dubu biyu a ninke.