Ciyawar da ke Cika Koma

Tun shekarar 2011 wata ciyawar teku mai launin ƙasa-ƙasa, wadda masana ke kira sargasum, take mamaye gaɓar yammacin Gana lokaci zuwa lokaci. Ni ɗan zangon Takoradi ne, kuma da ribar bandar kifi mahaifiyata ta biya mini kuɗin makaranta, shi ya sa lamarin ya tsaya mini a rai.

In ta zo, masuntan Axim sukan ƙona mai su shiga teku, su jawo koma shaƙe da ciyawa. Takan sarƙe injin kwalekwale. In ta ruɓe a gaɓa, sai wari irin na baragurbi. Kifi ya yi tsada, masu banda su zauna jugum.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, ana hango tafiyarta daga sama. Jami'ar Kudancin Florida a Amurka tana bin sawunta da tauraron ɗan'adam, tana fitar da rahoto duk wata, amma da Turanci, a intanet. Masunci kuwa rediyo yake saurare. Ina ma a riƙa karanta masa labarin da harshen Fante ko Nzema tun kafin ya sayi mai.