Jijiyoyin da Ba Su Jiran Umarni

A jikin ɗan'adam akwai wasu barori da ba su jiran umarnin maigida. Su ke kula da bugun zuciya da narkewar abinci da zufa da riƙe fitsari, mutum yana barci ko yana farke. Masanin nan na Jami'ar Kambirij ta Ingila, John Langley, shi ya raɗa musu suna a 1898, wato jijiyoyi masu cin gashin kansu. Mai karatu ya lura, ba jijiyoyin jini ake nufi ba, na kai saƙo ake nufi, domin Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran su duka.

Larurar kawuna ce ta jawo hankalina gare su. Ya daɗe yana fama da ciwon sukari, sai kuma ya fara yanke jiki ya faɗi duk sa'ad da ya miƙe da hanzari, musamman in ya taso daga sujada. In yana kwance kuwa garau yake, har da raha. Wasu dangi suka ce iska ce, wasu suka ce raki ne. Zargin rakin nan, a ganina, ya fi faɗuwar ci masa rai.

Ga yadda abin yake. Idan mutum ya miƙe tsaye, jini kimanin rabin lita ko fiye yakan gangara ƙafafu da ciki. Nan take jijiyoyin nan sukan matse hanyoyin jini, su ƙara wa zuciya sauri, don kada ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Sukari idan ya daɗe yakan lalata su, saƙon ya makara, ido ya yi duhu. Shi ya sa awon jini a zaune kawai bai nuna komai ba, sai da wata likita ta auna shi a kwance, ta sake aunawa a tsaye. Ƙa'idar ita ce, in lambar sama ta sauka da 20, ko ta ƙasa da 10, cikin minti 3 da miƙewa, to akwai larura.

Ta umarce shi ya riƙa zama a bakin gado kafin ya tashi, ya yawaita shan ruwa, ya ɗaga wajen kan gadonsa. Duk ya karɓa ba musu. Yin salla a zaune ne ya yi masa nauyi, sai da limamin unguwa ya zo har zaure ya tabbatar masa cewa shari'a ta yarda.