Rigar Da Ke Ƙasan Akwati

Akwai wata rigar atamfa a ƙasan akwatina, cikin kayan lefena take. Duk shekara sai na ciro ta na gwada, ta tsaya mini a kafaɗa, in cire in ninke in mayar. 'Yar'uwa, labarin rigar nan zan ba ki yau, ba na soyayya irin wanda kika saba karantawa a littattafaina ba.

Ina siririya aka kawo ni gidan miji nan Kirikasamma, har dangin maigida na tsokanata wai iska za ta ɗauke ni. Kin dai san halinmu, mace in ta rame cewa ake miji ba ya ciyar da ita, ko kuma kishi ke cin ta. Saboda haka da na fara cika bayan haihuwar fari, murna aka yi ta yi. Jego kuwa na sha shi yadda ake so, kunun kanwa safe da yamma, gasasshen nama da yaji, tuwon shinkafa malmala biyu, ga Inna tsaye a kaina tana cewa, "Ci ki ƙara, mai shayarwa ba ta ƙoshi." Haihuwa huɗu, jego huɗu, kowanne ya bar mini nasa kason a jiki.

Ciwon kai da jiri suka kai ni asibiti a Haɗeja. Aka ɗaura mini abin awo a hannu, likita ya duba ya sake dubawa, ya ce hawan jini ne, ni da ko talatin da biyar ban kai ba. Ya ce in rage ƙiba, in rage gishiri da magi. Shi ya fara gaya mini cewa kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tara ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da alaƙarta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Na dawo gida jikina a sanyaye, ina kallon autana yana rarrafe a tsakar gida, ina tunanin wa zai riƙe mini shi.

To, da zafi na fara. Na yanke abinci, sai ruwan shayi da safe da ɗan kwaɗo da rana. Kwana tara na yi. A dare na goma, kowa ya yi barci, na lallaɓa madafi na cinye tuwon da aka ajiye don ɗumame, har da kankare tukunya. Wallahi ina ci ina hawaye.

Sai wata mai kawo kaya gida-gida ta sayar mini da shayin rage ƙiba. Sati guda ina zarya bayan gida, zanena ya yi sako-sako, na ce alhamdu lillahi. Ashe ruwan jikina ne ya zube, kitse yana nan daram. Ina dainawa komai ya dawo, kuɗina kuma ya tafi. Abin haushi, ita dai matar nan ce ke sayar wa 'yan mata ƙwayar sha-ka-fashe don su cika kafin biki. Da mu da su duk kasuwarta ce.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na 2022. A lokacin na samu kan abin, wata biyar ina tafiya daidai, har awon jinina ya fara sauka. Sai ambaliya ta zo ta cinye shinkafar maigida a fadama, katangarmu ta zube, muka kwashi yara muka koma gidan yayata a Haɗeja. Wanda ke zaman gidan wani ba ya zaɓen abinci, kuma ni damuwa ci take sa ni. Taliya da manja, burodi, lemon kwalba in baƙi sun zo jaje. Da ruwa ya janye muka dawo, na fi da nauyi. Shekara guda cur ban ƙara waiwayar maganar ba, na ce haka Allah Ya yi ni.

Abin da na gane daga baya, ba faɗuwar ce ke kayar da ni ba, abin da nake cewa bayanta ne. In na ci alkaki da dubulan a gidan suna, sai in ce ai yau ta ɓaci, bari sai Asabar in sake farawa. Asabar ta zama farkon wata, farkon wata ya zama bayan salla. Yanzu in na zarme da rana, da dare nake komawa kan hanya, ba na jiran wata ranar.

Ban kuma ƙara yi wa kaina horon yunwa ba. Tuwo ina ci, malmala ɗaya, miya da yawa. Zogale da rama ba sa yanke mini. Kifi Allah Ya hore mana a ƙasar nan, sai dai na koma gasawa da farfesu maimakon suya. Lemon kwalba na bar shi, tunda na ji sukarin da ke cikin kwalba ɗaya ya kai kimanin cokalin shayi 9. Ni ba mai fita ba ce, saboda haka bayan sallar asuba nake zagaya tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa turken awaki, minti 30, kwana biyar a sati. Shi ne minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu. Da farko maƙwabciyata leƙowa take ta katanga tana dariya, wai me na yar nake nema. Yau da ita muke yi, in na makara ita ke buga mini ƙofa.

Inna har yanzu ba ta yarda ba. Kullum ta zo sai ta dube ni ta ce, "Yarinyar nan lafiya kuwa? Ko wani abu yake miki?" Maigida ya ce mata umarnin likita ne, ta taɓe baki.

Jiya na ciro rigar. Ta wuce kafaɗa, ta sauka, amma zif ya tsaya, saura kamar yatsu huɗu ya rufe. Na ninke ta, wannan karon a saman akwati na ajiye.