Zagayen Ƙasar Gumel da Zancen Masu Koyon Gashin Ciwon Daji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani zagaye da na yi a ƙasar Gumel da kakar bana, da abin da na jiwo game da samarin likitocinmu masu koyon gashin ciwon daji. Ni ba likita ba ne, akawu ne, aikina lissafin buhunan riɗi. Amma an ce tafiya mabuɗin ilimi, wanda kuwa ya samo ya ɓoye ya yi rowa.

Ƙasar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, wadda aka yanke daga Kano cikin 1991. Ƙananan hukumominta huɗu ne, watau Gumel, da Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar. Ƙasa ce ta rairayi, damina gajeriya, rijiyoyi masu zurfi. Ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa, amma yanzu riɗi da zoɓorodo su ne kuɗin talaka.

Gagarawa na fara sauka. Ta nan hanyar jirgin ƙasa ta bi, wadda ta tashi daga Kano ta isa Nguru cikin 1930, ta nan kuma aka riƙa kwasar gyaɗar ƙasar a zamanin da. Ina tsaye a tashar mota sai wani magidanci ya matso, ya yi mini sallama, ya ce, "Malam, don Allah duba mini wannan takarda." Matarsa na zaune a inuwa, ta rufe ƙirji da mayafi. Ciwon daji ne a nono, ya shekara guda yana cinta. An yi sakiya, an yi shafe-shafe, kāna aka kai ta wani asibiti aka yanke, aka ba su takarda da Turanci su tafi inda ake gashi. Ya sayar da awaki biyu da buhun riɗi. Da na fassara masa, abu guda ya tambaya, ya ce, "To, Malam, kwana nawa za mu yi can?" Takardar kuwa ba ta faɗa ba.

Daga nan na wuce Gumel, wadda masu kirari ke ce wa Lautai. Gari ne mai tsohuwar sarauta. Ɗan Juma da jama'arsa Mangawa suka kafa ta wajen 1750, cikin ƙarni na 19 kuma aka dawo da gadon sarauta nan daga Tumbi, wadda yanzu take ƙasar Nijar. Akwai fadar Sarki, da Kwalejin Ilimi, da babban asibiti. Tsakaninta da Kano mil 75 ne. Na sauka gidan wani dattijo, tsohon malamin makaranta, na kuwa yi sa'a ɗansa ya zo hutu. Likita ne, shekararsa ta uku ke nan yana neman ƙwarewa kan gashin daji a wani asibitin koyarwa. Da na kawo masa tambayar mutumin Gagarawa, sai muka raba dare muna zance, ga kuwa abin da na riƙe.

Gashin nan ba na wuta ba ne. Wani haske ne wanda ido ba ya gani, mai ratsa jiki. Wani Bajamushe, Rontgen, ya gano shi cikin 1895, Mari Kuri da mijinta kuma suka gano radiyam a Faransa cikin 1898. Cikin 1951 aka fara gashi da injin kobal a Kanada, cikin 1953 kuma aka fara da injin lantarki a London. A ƙasarmu Ikko ce ta fara, wajen 1968, sai Ibadan cikin 1987. A Arewa akwai sashen gashi a asibitin koyarwa na Shika kusa da Zariya, inda likitocinmu da dama suka koyo, akwai a Sakkwato da Abuja, cikin 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe sabuwar cibiya a Katsina. A ƙasar Gumel duka babu ko ɗaya.

Shi hasken nan bai san mai kyau da mugu ba, duk naman da ya ratsa sai ya taɓa shi. Saboda haka gwanintar likita ita ce ya kai shi kan ciwon, ya kauce wa zuciya da huhu da hanji da laka. Sai a ɗauki hoton jikin majinyaci yanki-yanki, likita ya zauna gaban kwamfuta ya zana iyakar ciwon a kowane yanki, kamar yadda ake shata iyakar gona. Sa'an nan masanin awon haske ya lissafa ta inda hasken zai shiga da yawan da za a bayar, mai sarrafa inji kuma ya kwantar da majinyaci daidai wuri guda kullum. In zanen ya yi ƙanƙanta ciwo ya dawo, in ya yi faɗi an ƙone lafiyayyen nama. Ba a kuma bayarwa gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, kwana biyar a mako, sau da yawa har mako biyar ko shida.

Hanyar zama gwanin wannan aiki doguwa ce. Shekara 6 a jami'a, shekara guda ta horo a asibiti, shekara guda ta hidimar ƙasa, kāna shekara 5 ko 6 ta neman ƙwarewa, da jarrabawa hawa-hawa a Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1979, ko a takwararta ta Afirka ta Yamma. Watau yaron da ya shiga jami'a bana sai bayan shekara 13 ko 14 za a sakar masa inji. Inji kuwa in da kuɗi ana iya sayensa cikin shekara guda. Lalle ba a fafe gora ranar tafiya.

Da yake lissafi ne sana'ata, na ɗauki alƙalami. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna mutum fiye da 120,000 ne ke kamuwa da ciwon daji a Nijeriya a shekara, kusan 80,000 kuma ke mutuwa. Masana sun ce wajen rabin masu ciwon suna bukatar gashi, watau 60,000. Inji guda yana iya wa mutum wajen 500 a shekara, likita guda kuma wajen 250. Ashe ke nan muna bukatar inji 120 da likita 240. Injunan da muke da su ba su kai rubu'in haka ba, likitocin kuma ba su kai rabi ba.

Na ce masa, "Likita, me ya fi damun mai koyo?" Ya lissafa mini abu huɗu. Na fari, injin da ya tsaya. In inji ya lalace, ko wuta ta ƙi zama, ba majinyata kaɗai suka yi asara ba, mai koyo ma watanninsa sun tafi a banza, don ba a koyon iyo a tudu. Na biyu, ƙarancin kwamfutar zane, masu koyo da yawa suna jiran kujera guda, ita ma aikin majinyata ya cinye lokacinta. Na uku, ƙarancin malamai, ga shi kuma waɗansu suna ƙaura zuwa ƙasashen waje. Na huɗu, littattafai da mujallun likitanci, waɗanda da kuɗin waje ake saye, kuma galibi an rubuta su ne bisa majinyatan Turai da Amurka, waɗanda akan gano ciwonsu tun yana kamar ƙwayar gyaɗa. Namu kuwa sai ya fashe ake kawo su.

Ran Alhamis muka tafi Maigatari tare, don ranar ce kasuwarta ke ci. Wanda bai ga kasuwar nan ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba sai in ce gani ya kori ji. Ga raƙuma, ga shanu, ga dawaki da tumaki da awaki, ƙura ta tashi har ta dushe rana. Garin yana bakin iyaka, mutanen Damagaram da Buzaye da Fulani da fatake daga kudu duk sun haɗu, manyan motoci suna lodin dabbobi. Na ga wani dillali da yaronsa a gindin raƙumi, yana buɗe masa baki yana nuna wa yaron haƙora, yana sa shi ya shafa tozo da ƙafafu, ya faɗi shekarun dabbar, in ya kuskure ya gyara masa. Likita ya ce haka nan aikinsu yake, sai mai koyo ya zana da hannunsa, babba ya duba ya gyara, sau ɗaruruwa, kafin ido ya buɗe.

A nan kuma ya tuna mini ciwo bai san iyaka ba. Nijar ba ta sami injin gashi nata ba sai cikin 2021, a Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya mai mazauni a Biyana. Yamai kuwa ta fi Kano nisa daga Damagaram nesa ba kusa ba. Saboda haka likitan da aka koyar da kyau a ƙasar Hausa, amfaninsa ba zai tsaya kan iyaka ba.

Sule Tankarkar ce zangona na ƙarshe, yamma da Gumel. Ƙauyuka ne a warwatse cikin rairayi, amalanken shanu na jan amfanin gona, rumbuna sun cika, ana ta sussuka. A nan na gane nauyin tambayar kwana nawa. Manomin da zai kai matarsa birni mako shida, sai ya biya mota, ya nemi masauki, ya ci da mutum biyu da kuɗin kasuwa, ya bar yara da dabbobi a hannun maƙwabta. In da damina ne, gonar ta tafi. Da yawa sukan fara, guzuri ya ƙare a mako na uku, su komo gida. Gashin da aka yanke a tsakiya kuwa kusan aikin banza ne. Na bakin mahaifa ma, in ya wuce mako takwas ba a gama ba, amfaninsa raguwa yake yi.

To, ga inda ilimin mai koyo ya shafi talaka kai tsaye. Likitocin Ingila sun gwada, sun tabbatar tun 2008 cewa gashin nono na zama 15 cikin mako uku yana yin aikin na zama 25 cikin mako biyar. Cikin 2020 kuma suka nuna ga mata da yawa zama 5 cikin mako guda ya isa. Wanda ciwon ya kai wa ƙashi, zama guda tak yakan sauƙaƙa masa zogi. Amma gajeren gashi yana son zane mai kyau da awo marar kuskure, don kowane zama ƙarfinsa ya fi na da. Likitan da ya sami wannan karatu, ya kuma saba hannu, zai iya mai da mako biyar ya zama uku ko ɗaya ga wadda ta dace, inji guda kuma ya ishi mutane da yawa. Wanda bai samu ba, sai ya bi tsohon littafi, mutumin ƙauye ya biya da awakinsa.

Saboda haka ina roƙon shugabanni abu biyar. Na ɗaya, duk inda za a sayi inji, a haɗa da kuɗin gyaransa da na koyar da masu aiki da shi, har da masanin awo da mai sarrafawa da makaniki, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na biyu, a ware wa masu koyo kwamfutocin zane nasu, da intanet da wuta mai ɗorewa, a biya musu kuɗin mujallu a dunƙule. Na uku, cibiyoyin Zariya da Sakkwato da Katsina da Abuja su riƙa haɗa darasi ta intanet kowane mako, in kuma injin wani wuri ya tsaya, a tura masu koyonsa wani wurin da guzurinsu. Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Ƙasa, wadda ta fara aiki cikin 2023, ita ta dace ta riƙe ragamar wannan. Na huɗu, manyan likitocinmu su rubuta littafin koyarwa bisa irin majinyatanmu, da ƙaramin littafi na Hausa mai bayyana wa majinyaci abin da za a yi masa, da kwanakin da zai yi, don ya shirya tun daga gida. Na biyar, kowane mai koyo ya yi ko da wata guda a asibiti irin na Gumel, ya ga inda majinyatansa ke fitowa, ya kuma koya wa ma'aikatan wurin alamun da za su sa a tura mutum da wuri.

Gwamnatin Jigawa kuma, tun da akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, wadda aka kafa cikin 2011, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, ya kamata ta zaɓi 'ya'yan jiha ta ɗauki nauyin karatunsu na wannan fanni tun yanzu, bisa sharaɗin su komo su yi aiki a gida.

Mu kuma malamai da akawuna muna da namu rabon. Tun Oktoba 2023 ake yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin dajin bakin mahaifa kyauta, Jigawa kuwa tana cikin jihohin farko. Mu gaya wa iyaye. Mu kuma gaya wa mata duk wadda ta ji ƙullutu a nono, ko ta ga jini ba lokacinsa ba, ta je asibiti tun abin yana ƙarami, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ina fata likitocin da ke karanta wannan jarida za su ƙara mana haske a kan abin da na faɗa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara wa masu koyo basira, amin.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Akawun Riɗi, Kano.