Daren da Muka Kashe Katin Auta

Duk wanda ya taɓa kai waya a yi mata filashin ya san zaman da ake yi a gaban mai gyara, ana kallon layin nan yana tafiya a hankali, ana addu'ar kada wani ya taka waya. Mu da muke rubuta manhaja mun daɗe muna yi wa masu wannan zaman dariya, har ranar da muka yi irinsa a gaban kwamfutar ƙaninmu, da ƙarfe ɗayan dare.

Mu biyu ne, wa da ƙani, duka mun karanci kimiyyar kwamfuta. Autanmu bai yi jami'a ba, ɗaukar bidiyon biki yake yi yana tacewa. Kuɗin da ya tara na wata da watanni ya zuba a kan katin hoto na hannu, Radeon RX 580 mai gigabayit 8, wanda AMD ta fitar a 2017. Irinsa sun cika kasuwa bayan Satumbar 2022, lokacin da Ethereum ta daina dogaro da haƙa da katunan hoto, masu haƙar suka rinƙa zubar da kayansu da araha. Katin yana aiki, sai dai Auta kullum ƙorafinsa ɗaya: fitar da bidiyo yana cinye masa rabin dare. A makon nan yana da aikin wani biki da ya yi alkawarin miƙawa ranar Juma'a, kuma ya riga ya karɓi rabin kuɗi.

A jikin kowane katin hoto akwai wani ɗan cif mai ƙafa takwas, bai kai farcen ɗan yatsa ba. A cikinsa manhajar farko take, wadda ake kira bayos. Ita ke faɗa wa katin ko shi waye, da gudun da zai yi, da yawan wutar da zai ja, da zafin da zai kai kafin fanka ta tashi, da yadda zai yi magana da memorinsa. A katin Auta girmanta kilobayit 256 ne kacal, hoto ɗaya na waya ya ninka ta sau da yawa. Gudun da aka rubuta wa RX 580 na asali megahaz 1340 ne, wutarsa wat 185. Mu kuwa mun san cewa waɗannan lambobi mutane ne suka zaɓe su, kuma sukan bar rara.

Abin yana da tarihi mai jan rai. A ƙarshen 2010 aka gano cewa Radeon HD 6950 na farko-farko da babban wansa HD 6970 cif ɗaya ne, an dai rufe wani sashe. Ka zuba masa bayos ɗin babban, rukunan lissafinsa su tashi daga 1408 zuwa 1536, ba ka ƙara ko kwabo ba. A 2020 kamfanin da kansa ya ba da sabon bayos ga RX 5600 XT, wanda ya ɗaga gudun memori a wasu katunan. Masu haƙar kirifto ma da gyara lokutan memori suka rinƙa tatsar irin katin Auta. Da wannan hujjar muka ce masa ya kawo kwamfutar ranar Laraba da daddare.

"Yaya, ba za ta lalace ba dai ko?"

"Aikinmu ne fa," muka ce.

Abin da muke tsoro shi ne ɗaukewar wuta. Filashin yana goge cif ɗin ne tukuna sannan ya rubuta sabo, idan wuta ta tafi a tsakanin nan an bar kati babu tsoho babu sabo. Saboda haka muka jona kwamfutar da inbata, muka kashe firji. Muka adana kwafin tsohon bayos da GPU-Z. Muka sauko da na wani RX 580 da kamfaninsa ya ɗaga wa gudu da iyakar wuta. Da muka ba da umarni, manhajar filashin ta ƙi, ta ce lambar shaidar katin ba ta dace da ta fayil ɗin ba. Akwai harafi ɗaya da ake ƙarawa a umarnin don a tilasta mata. Mun sha rubuta irin wannan gargaɗin a manhajojinmu, mun sha zagin masu tsallake shi. Muka ƙara harafin.

Ko minti ɗaya ba a yi ba aka gama, wuta ba ta ko ƙifta ba. Muka sake kunnawa. Fanka ta juya, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Daga baya muka fahimci abin da ya faru. Suna ɗaya ba ya nufin kati ɗaya. Kamfanoni da dama ke ƙera RX 580, kowa da tsarin allonsa da na rarraba wuta, memorin ma wani na Samsung ne, wani na Hynix, wani na Micron. Bayos ɗin da muka zuba bai san memorin da ke jikin namu ba. Wasu katunan suna da ɗan makunni da ke komawa bayos na biyu, namu ba shi da shi. Hanya ta gaba ita ce a tayar da kwamfutar da hoton da ke cikin furosesa a mayar da kwafin, to furosesan Auta Ryzen 5 3600 ne, ba shi da hoto a ciki. Kwafin da muke taƙama da shi yana zaune a cikin kwamfutar da ba ta nuna komai.

Auta bai ce mana uffan ba. Ya zauna a bakin gado yana juya wayarsa, ga saƙon ƙanwar amarya tana tambayar ko an kusa. Da faɗa ya yi da ya fi mana sauƙi.

Da safe muka cire faifan, muka kwashe fayil ɗin a laftof, muka tafi wurin wani dattijo mai gyaran kwamfuta. Ya saurare mu har ƙarshe, ya ce, "Samari, waye ya ce ku taɓa?" Bai jira amsa ba. Ya kwance katin, ya ɗauko wata 'yar na'ura mai suna CH341A da maƙalinta, ya kama ƙafafun cif ɗin. Sau huɗu maƙalin yana zamewa kafin ya karanta. Ya goge, ya rubuta kwafinmu, ya sake karantawa ya gwada su.

Tun da katin yana buɗe, ya kira mu mu leƙa. Ƙurar hunturu ta toshe tsakanin ƙarafan sanyaya kamar auduga, man da ke kan babban cif ya bushe yana farfashewa. Ashe katin ko gudun da aka rubuta masa ba ya riƙewa, zafi ke sa shi rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Mu kuma mun zo za mu ƙara masa wuta, a ɗakin da a watan Afrilu mutum ma da ƙyar yake numfashi. Da filashin ɗin ya yi nasara, da wataƙila abin da za mu lalata ya wuce abin da maƙali ke gyarawa.

Ya busa ƙurar, ya shafa sabon mai. Da muka koma gida muka rage wa katin boltej kaɗan daga cikin manhajar direba, inda in an yi kuskure sake kunnawa kawai ke mayar da komai. Fanka ta daina ihu, gudun ya tsaya wuri ɗaya.

Auta ya miƙa bidiyon ranar Asabar da yamma, an rage masa wani abu a cikon kuɗinsa saboda latti. Mun biya dattijon, mun kuma cika wa Auta abin da aka rage, ya karɓa bai yi kawaici ba. Yanzu kwamfutar tana da kalmar sirri, kuma bai ba ko ɗayanmu ba.