Ƙararrawar Ƙofa

A ƙararrawar ƙofa irin ta da, guntun ƙarfen cikinta ne ya fi ɗaukar hankalina. An naɗe shi da wayar tagulla, yana zaune shiru. Sai baƙo ya danna maɓalli, lantarki ya bi wayar, ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo 'yar guduma ta bugi ƙararrawa. Tun 1831 Joseph Henry ya gwada irin wannan a Amurka.

Abin da na fi so shi ne abin da ke biyo baya. Fizgowar ita ke katse wutar, jan ya mutu, wani sifirin ya mayar da gudumar, wuta ta sake haɗuwa. Haka ake ta yi muddin yatsa na kan maɓallin.